Wa ake shawarta kafin a saki ruwan Tiga da Challawa? Muhawara a zauren manoman bakin kogi

Shugaban Zaure (Auyo): Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da zafi. Ina da magana, don Allah a karanta kafin a binne ta da hotunan barka da Juma'a. Duk shekarar da kogi ya yi mana ɓarna, sai Agusta ko Satumba zauren nan yake ɗaukar zafi. Mu tura hotunan gonaki sun zama tafki, mu yi Allah ya isa, a kawo masara da tabarmi a raba, rani ya shigo kowa ya kama gabansa. Bana ina so mu yi maganar tun ƙasa tana bushe. Ruwan nan da ke wucewa ta bayan gidajenmu, akwai masu tsara yawan da za a riƙe a madatsun Tiga da Challawa, da yawan da za a saki, da lokacin sakin. Shin akwai hanyar da za a riƙa zama da mu ana duba tsarin nan, mu faɗi inda ya yi mana daidai da inda yake cutar da mu? In mun samu matsaya sai mu rubuta takarda ta bi ta hannun hakimai. Ban da zagi, ban da siyasa, ban da tallan taki.

Gaskiya Ɗaci: Wa alaikumus salam. Malam, takarda ta nawa kenan?

Manomin Shinkafa (Miga): Ni buƙatata ɗaya ce tak. In za a buɗe dam a gaya mana. A 2022 shinkafata ta fitar da kai, har na fara cinikin masu yanka, muka kwanta lafiya muka tashi ba a ganin ko kan kara. Taki bashi, iri bashi. Da an ce mana ruwa yana tafe da ko ɗanya na yanke na ba dabbobi.

Ɗan Kura: Allah ya mayar da alheri. Amma don Allah 'yan Jigawa ku daina cewa "an buɗe dam" kamar akwai wani mutum da ke zaune da makulli yana jiran ku yi barci. Mu da ke kusa da Tiga muna ganin abin da idonmu. In ta cika tumbatsa take yi.

Manomin Shinkafa (Miga): To ai dole ka faɗi haka, tunda ku kanal ke kawo muku har bakin gona, mu kuma ragowar ake turo mana.

Shugaban Zaure (Auyo): A yi haƙuri. Baba Injiniya yana cikin zauren nan, ya yi shekaru yana aikin ruwa kafin ya yi ritaya. Ranka ya daɗe, a warware mana.

Tsohon Injiniya (Wudil): Salamu alaikum. Zan ɗan tsawaita, ku yi haƙuri da tsoho.

Kowannenku ya riƙe rabin gaskiya. An gama Tiga a 1974, zamanin Audu Bako, a kan kogin Kano. An gama Challawa a 1992 a ƙasar Ƙaraye. Kogunan biyu suna haɗuwa kafin su iso mana nan Wudil, daga nan su zama kogin Haɗeja, ya bi ta Ringim, Miga, Auyo, Haɗeja, ya watsu a fadamun Guri da Kiri Kasamma har Nguru. Mai kula da madatsun biyu ita ce Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ta gwamnatin tarayya, wadda aka kafa a 1976.

Abin da ɗan Kura ya faɗa haka yake. Tiga tana da makwarara wadda ba ta da ƙofa. In ruwa ya kai bakinta tsallakewa yake yi da kansa, ko shugaban ƙasa ne ya zo ba zai tsayar da shi ba. Bayan da madatsar Bagauda ta fashe a 1988 ma sai da aka rage tsayin makwararar don tsaron jikin dam ɗin, wato yanzu ba ta riƙe abin da take riƙewa da farko. Ku ƙara da cewa ruwan saman da ya sauka a ƙasa da madatsun, daga Wudil zuwa Haɗeja, babu abin da ke tare shi.

Amma na Miga ma bai yi ƙarya ba da ya ce akwai hannun mutum a ciki. Sai dai ba a watan Agusta hannun yake ba. Yanzu yake, a cikin ranin nan da muke ciki. Yawan ruwan da aka saki daga Janairu zuwa Yuni shi ke nuna ko dam za ta shiga damina da sarari a cikinta ko za ta shiga a ƙoshe. In ta shiga a ƙoshe, ruwan farko-farko ya cika ta, sai ta fara tumbatsa daidai lokacin da kogi ya riga ya cika da na sama, su haɗu su taho muku tare. In kuma aka zubar da yawa don a bar sarari, sai damina ta zo da ƙaranci, to baɗi babu na noman rani, babu na famfon Kano. Wannan shi ne hukuncin da ake yankewa kowace shekara, kuma shi ya kamata ku nemi a zauna da ku a kansa. Wanda ya je ofis a Satumba yana ihu ya makara da wata shida.

Malama (Ringim): Baba, Allah ya ƙara lafiya. Wallahi tun tasowata ban taɓa jin wanda ya yi mana bayanin nan ba. Kullum abin da muke ji a rediyo biyu ne, wani ya ce an saki ruwa, wani ya ce ba a saki ba. Haka aka yi ta ja-in-ja a 2010, har kafafen labarai na waje suka ɗauka. Mu da makarantarmu ke zama sansanin waɗanda ruwa ya kora, yara su yi makonni ba karatu, ba mu san wa za mu gaskata ba.

Ɗan Kura: To kun ji dai. Amma Baba, maganar a zubar da ruwa da rani don a bar sarari, a yi hattara. Kura, Bunkure, Garun Malam, Kadawa, dubban gidaje ne ke ci daga kanal ɗin nan. Tumatirin da ake lodawa a Kwanar Gafan zuwa kudu da ruwan Tiga ake yin sa. Alkama tana son ruwa a kan lokaci cikin sanyi, in ta sha ƙishi sau ɗaya tana fitar da kai shi kenan. In aka kwashe dam aka yi rashin sa'ar damina, wa zai biya mu?

Manomin Shinkafa (Miga): Mu wa ya biya mu?

Baba Sarkin Ruwa (Guri), saƙon murya, jikansa ya rubuta: Ku gai da Injiniya. Ku ce masa ya faɗi gaskiya amma ya bar guda, ko da yake na san ya sani. Ni ina yaro kogin nan da rani yashi ne. Mu haƙa da hannu mu sha. Damina ta yi ruwa ya zo da ƙarfinsa ya share hanyarsa, ya hau fadama, kifi ya bi shi ya yi ƙwai a cikin ciyawa. Ruwa ya janye a hankali, mai shinkafa ya yanke, mai wake da mai guna su bi danshi su shuka, Fulani su sauko da shanu. Fadama ɗaya mutum uku ke ci a shekara, kowa da lokacinsa. Yanzu ruwa ba ya ɗaukewa da rani, ba ya kuma zuwa da ƙarfin da zai share hanya. Kullum ga shi nan kwance. Abin da kachala, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, ke so kenan. Ta cinye tsohon kogin Haɗeja, ta toshe reshen Burum Gana, ruwa ya rasa hanya ya karkata reshen Marma ya nufi Nguru. Waɗanda ke can ruwa ya cinye gonakinsu, waɗanda ke nan ƙishi. Kwalekwale ba ya ratsa ta, taru ba ya shiga, sauro da jan-baki sun samu gida. Don haka in za a zauna, kada a tsaya kan nawa za a saki. A yi maganar yaushe za a ɗauke shi gaba ɗaya kogi ya bushe ya huta.

Tsohon Injiniya (Wudil): Sarkin Ruwa, Allah ya ja kwana. Ban manta ba, na bar maka ne don ka fi ni iya faɗa. Abin da ka ce shi masu bincike suka rubuta tun lokacin aikin kare fadamun Haɗeja da Nguru da aka fara a 1987. Sun ba da shawarar a riƙa sakin ruwa mai yawa da gangan a cikin damina, gwargwadon da zai hau fadama ba tare da ya shiga gari ba, da rani kuma a bar hanyoyin su bushe na wani lokaci. Har lissafi aka yi a shekarun 1990 aka ga cewa in aka haɗa kifi da kiwo da itace da noman fadama, amfanin da ake samu daga ruwan da ya isa fadama ya fi na wanda aka zuba a manyan filayen ban ruwa.

Ɗan Kura: Baba, da girmanka, lissafin nan na da ne. Lokacin ana noma sau ɗaya ana barin rabin fili. Yanzu ka zo ka ga shinkafar da ake fitarwa daga Kura, ka ga injinan casa. A sake lissafi.

Tsohon Injiniya (Wudil): Na yarda a sake, ɗana. Ai abin da ake nufi da duba tsari kenan. Amma a sake shi a gabanka da gaban Sarkin Ruwa, kowa ya ga alƙaluman.

Shugaban Zaure (Auyo): Sai dai fa Baba Sarkin Ruwa, maganar kogi ya bushe da rani ta taɓa mu nan Auyo. Filin ban ruwa na kwarin Haɗeja da aka ƙaddamar a farkon 2023, daga shingen da ke kan kogin yake sha, shi kuma shingen da ruwan da ake sakowa daga sama da rani yake cika. Ban da masu injin ban ruwa da suka jeru a gaɓa tun daga Wudil. In an ɗauke ruwa a Maris, mutanen garinmu ne za su fara zuwa su yi min ihu a ƙofar gida.

Gaskiya Ɗaci: Kun gani ko? Ku goma a zaure ɗaya kun kasa shirya kanku. Na Kura yana so a riƙe, na Miga yana so a zubar, na Guri yana so a busar, na Auyo yana so kada a busar. Ku ne za ku je ku ba injiniyoyi shawara? Ku bar masu ilmin abin su yi aikinsu, mu nemi diyya kawai in an yi ɓarna.

Malama (Ringim): Yaya, ai saɓanin nan da ka gani shi ne dalilin zaman. Da buƙatarmu ɗaya ce da injiniya ɗaya ya isa. Injiniya zai iya gaya maka in an saki kaza ruwa zai kai kaza a gadar Wudil. Amma tsakanin alkamar Kura da kifin Guri wanne za a fifita a bana, wannan ba lissafi ba ne, rabo ne. Kuma duk rabon da aka yi ba ka wurin, kai ne za a ba ƙashi.

Ardo (Kiri Kasamma): Malama ta gama magana. Mu ma a tuna da mu. Duk taron da ake yi kan ruwa sai a kira manoma a ce an kira jama'a. Shanu ba sa shan ruwa ne? Da muna sanin watan da fadama za ta buɗe mu sauko. Yanzu ka zo ka tarar ruwa bai janye ba, ko ka tarar an zagaye mashaya da albasa. Wurin kiwo kachala ta cinye, saniya ba ta cin ta in ta tsufa, in ta shiga ciki ma sai ciwon hanta. Rabin rigimar da kuke ji tsakaninmu da manoma a fadamar nan daga ruwa take farawa.

Bulama (Kiri Kasamma): Ardo, yaushe aka ba bawa izinin magana ubangidansa bai yi ba?

Ardo (Kiri Kasamma): Babarbare ka biya kuɗin nonon da ka sha tukuna.

Bulama (Kiri Kasamma): To bar wasa. Ni abin da zan faɗa ba zai yi wa wasu daɗi ba. Mu ma muna da laifi. Da rani mutum zai ɗauki fatanya ya yanka gaɓar kogi don ya ja ruwa zuwa gonarsa, ba zai toshe ba in ya gama. Damina ta zo ruwa ya bi nan ya faɗaɗa ta, ya ci ƙauyen da ke baya. Wasu su tare hanya da buhunan yashi don ruwa ya juya wajensu. Masunta ma suna kafa shinge a tsakiyar kogi, yashi ya taru a jiki, kachala ta tsiro. In muna so a saurare mu kan abin da ake yi a Tiga, sai mu yarda a tambaye mu abin da muke yi a bakin namu kogin.

Baba Sarkin Ruwa (Guri), jikansa ya rubuta: Baba ya ce maganar shinge gaskiya ce, amma wai a fara da masu fatanya.

Ɗalibi (Kanada): Assalamu alaikum iyayena. Kawu Shugaba ne ya sa ni a zauren nan, ina karatu ban cika magana ba, amma wannan ta shafi abin da nake gani a nan. Akwai wani babban tafki, Ontariyo, tsakanin Amurka da Kanada. Ruwansa yana fita ta kogin San Lorans, kuma akwai madatsa a kan kogin da ake ƙayyade fitar ruwan da ita. Hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu ke da alhakin abin, bisa yarjejeniyar da aka yi tun 1909. Sun fara aiki da sabon tsarin sakin ruwa a Janairun 2017, sai ga ambaliya a shekarar, ta sake dawowa a 2019. Masu gidaje a bakin tafkin suka ce sabon tsarin ne ya cuce su, hukuma ta ce ruwan sama ne da ya wuce ƙima. In an saki da yawa don a sauƙaƙa wa na bakin tafki, birnin Montiriyal da ke ƙasa zai sha ruwa, manyan jiragen ruwa kuma su kasa tafiya. Da rigima ta yi yawa sai a 2020 aka fara sake duba tsarin, aka kafa kwamitin jama'a mai ba da shawara, da masu gidajen bakin ruwa, da masu jiragen kaya, da masu lantarki, da 'yan asalin yankin, da masu kare muhalli. Kuma tsayin ruwan da yawan da ake saki kowa yana iya gani a intanet.

Gaskiya Ɗaci: Yaro, can Kanada ka ce. Nan ko lantarkin cajin waya sai an je kasuwa.

Ɗalibi (Kanada): Haka ne Kawu. Kuma ban ce sun daina faɗa ba, har yanzu akwai masu ƙorafi. Abin da ya burge ni kawai, in suna faɗan, kan lamba ɗaya suke yi. Ba mai cewa an buɗe wani ya ce ba a buɗe ba.

Tsohon Injiniya (Wudil): Yaron nan ya taɓo wurin. Kuma ba sai da intanet ba. Ana auna tsayin ruwan dam, akwai ma'auni a Wudil, akwai a Haɗeja. Sanda ce mai lambobi a jikin gada, ɗan firamare zai karanta. Me zai hana kowace Juma'a gidajen rediyon Kano da Dutse da Haɗeja su faɗi cewa saura kaza Tiga ta tumbatsa, Challawa tana kaza, a Wudil ruwa ya kai kaza? Ruwa yana ɗaukar kwanaki kafin ya taso daga nan ya isa Auyo. Kwanakin nan su ne abin da na Miga yake nema. Ku lura kuma, hukumar hasashen yanayi NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon shekara, hukumar kula da yanayin ruwa NIHSA tana fitar da na ambaliya kafin ruwa ya sauka, har da sunayen ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Bayanin yana nan. Tsakanin Abuja da kunnen manomi yake ɓacewa.

Sannan kada ku ɗauka daga kanku za a fara. A 2006 gwamnonin jihohi shida, Kano, Jigawa, Bauchi, Yobe, Borno da Filato, sun haɗu da gwamnatin tarayya a Damaturu suka amince da tsarin kula da kogin gaba ɗaya, aka kafa asusun amana na kogunan Haɗeja, Jama'are da Komadugu Yobe. A ƙarƙashin shirin inganta ban ruwa na TRIMING na Bankin Duniya kuma an ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa a filayen Kano da na Haɗeja. Don haka a takardarku kada ku nemi a ƙirƙiro sabon abu daga sama. Ku ce ga abin da aka riga aka amince, a faɗaɗa shi ya kai ga wanda ba shi da fili a cikin kanal.

Ɗan Kura: Ƙungiyar masu ruwa ina ciki, kuma tana aiki. Mu ke tara kuɗin ruwa, mu ke yashe ƙananan kanal, ana gaya mana ranar da za a rufe babban kanal don gyara. Amma gaskiya iyakarmu bakin filinmu. Ba a taɓa haɗa mu da mutanen Guri a ɗaki ɗaya ba. Yau ne ma na fara jin wai ruwan da ke tsiyaya daga wajenmu da rani yana da hannu a kachalarsu.

Hajiya Mai Turara (Kafin Hausa): Sannunku da ƙoƙari. Tun ɗazu ina karantawa ina jira in ji an ambaci mata, shiru. In ruwa ya shigo gari wa ke kwashe yara da tukwane? In rijiya ta gurɓace wa ke jinyar masu amai da gudawa? Ni shanshara nake saya in turara in kai kasuwa, mata da yawa a unguwarmu da wannan muke riƙe gida. Shekarar da ruwa ya ci shinkafa jarinmu ne ke narkewa, kuma in an zo rubuta sunayen waɗanda suka yi asara ba a rubuta mu, wai ba mu da gona. Kuma irin taron da na sani, a kira shi a otal a birni, a yi shi da Turanci, a ba kowa jaka da kuɗin mota, a ɗauki hoto. In irin wannan kuke nema ku cire sunana.

Gaskiya Ɗaci: Hajiya kin rigaye ni. Kuma wakilan da za a tura, ƙanin kansila da surukin ciyaman. Mutumin da bai taɓa taka laka ba shi zai je ya yi magana da yawun masunta.

Bulama (Kiri Kasamma): Wannan tana da magani. Masunta suna da sarkin ruwa, makiyaya suna da arɗo, manoma suna da sarkin noma, mata suna da shugabannin adashi da na sana'a. Kowane rukuni ya fitar da nasa a bainar jama'a. Wanda ya je ya dawo ya tsaya a ƙofar fada ya faɗi abin da aka ce da abin da ya ce. In bai yi ba baɗi a canza shi.

Malama (Ringim): A ƙara da wannan, don shi ne ke bambanta shawara da jin ra'ayi kawai: duk abin da wakilai suka nema, a ba da amsa a rubuce. An karɓa, ko ba a karɓa ba saboda kaza. Ba dole a yi abin da muka ce ba, wani lokacin tsaron dam ɗin ya fi komai, wanda ya ga abin da madatsar Alau ta yi wa Maiduguri a Satumbar 2024 ba zai yi musun wannan ba. Amma a gaya mana dalili.

Manomin Shinkafa (Miga): Ni dai har yanzu ina kan bakata. Duk wannan mai kyau ne, amma kafin a kafa kwamiti a yi masa kujeru damina ta wuce. A fara da sanarwar rediyo bana.

Ardo (Kiri Kasamma): A yi ta da Fulatanci ma.

Tsohon Injiniya (Wudil): Wani abu kuma Malam Shugaba. Kogin bai ƙare a Guri ba. Mutanen Nguru da Gashuwa da Gaidam suna can ƙasa, abin da muke cewa Kano tana yi mana shi suke cewa muna yi musu. Yawancin ruwan da ke isa Gashuwa yanzu na kogin Jama'are ne, wanda ba a datse ba, shi ya sa duk lokacin da aka tayar da maganar ƙarasa madatsar Kafin Zaki a Bauchi sai Yobe da Borno su tashi tsaye. In kuka rubuta takarda kuka ce a saurari na ƙasa, ku sani akwai na ƙasa da ku.

Shugaban Zaure (Auyo): Madalla. Ga abin da na tsinta, a gyara min. Za mu nemi a riƙa faɗar tsayin ruwan madatsun biyu da na Wudil da Haɗeja a rediyo duk mako, kullum kuma in damina ta yi nisa, da Hausa da Fulatanci. Za mu nemi zama biyu a shekara, ɗaya kafin a tsayar da tsarin sakin ruwan rani, ɗaya kafin damina, a riƙa zagayawa da shi garuruwan bakin kogi, da wakilan da kowane rukuni ya zaɓa har da mata, a kuma ba da amsa a rubuce. Mu kuma za mu ɗauki alkawarin hana yanka gaɓa da tare hanyar ruwa, da fita gayyar kachala a inda injin ba ya shiga. Maganar busar da kogi da rani ban sa ta a matsayin buƙata ba tunda ba mu daidaita ba, na sa ta a abin da za a tattauna a zaman farko.

Baba Sarkin Ruwa (Guri), jikansa ya rubuta: Baba ya ce bai yarda ba. Wai ka sa ta a ƙasa ne don kai ɗan Auyo ne. Ya ce ko sati uku ne a rubuta, a gwada a hanya ɗaya a gani.

Shugaban Zaure (Auyo): Allah ya huci zuciyar Baba. Zan rubuta cewa masuntan Guri sun nemi a gwada, manoman rani na Auyo suna da ja. Kowa da sunan ɓangarensa.

Ɗan Kura: Ni ba zan sa hannu ba sai na kai wa ƙungiyarmu sun gani. Kuma a cire kalmar "zubar da ruwa" in tana ciki, in mutanenmu suka ji ta ba za su karanta sauran ba.

Gaskiya Ɗaci: Ni ba na sa rai. Amma ina da ɗan'uwa mai shagon buga takardu a Haɗeja, in kun gama ku turo a buga kyauta.

Ardo (Kiri Kasamma): Ranar da za a haɗu a sa hannu kada ta zama Juma'a, muna kasuwar Wudil.

Hajiya Mai Turara (Kafin Hausa): Kuma da hantsi, ba bayan la'asar ba. Malama, ki kira ni anjima mu tsara waɗanda za su zo daga ɓangarenmu.